Ranar da Na Shiga Ƙarƙashin Gingimarin Maigidana

Shekarun baya, lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ba, muna zaune a wata unguwa da ke bakin garin Daura, ta wajen hanyar Mai'adua. Maigidana direba ne. Yana da wata tsohuwar gingimari mai bodin katako wadda ta girmi aurenmu nesa ba kusa ba. Da ita yake kwasar gero da dawa da wake daga ƙauyukan Sandamu da Dutsi zuwa kasuwa, wani lokaci ya dawo da awaki. Motar ta tsufa har ta gaji da tsufa. Ƙofar gefen fasinja da igiya ake ɗaure ta, in kuwa ya tashe ta da sassafe duk kajin unguwa sai sun watse. Amma ba ya yarda a taɓa ta da baki. In na ce masa akwalar nan taka, sai ya ce akwalar ce ta ɗauko lefena, in yi mata magana da ladabi.

Wata safiya da damina yana alwala sai buta ta suɓuce daga hannunsa. Kafin in ƙaraso ya zube. A asibiti aka ce hawan jini ne. Da aka sallamo mu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa kuma ya yi nauyi. Hankalinsa na nan garau, komai aka faɗa yana ji yana ganewa, amma in ya buɗe baki sai kalmomin su fito a gutsure, kan wata ya tafi, wutsiyar wata ta maƙale. Masu zuwa dubiya sukan gyaɗa kai su ce haka ne, haka ne, alhali ba su ji komai ba. Ni ce kawai na fara gane shi, ni ɗin ma ba rana ɗaya na iya ba.

Motar kuwa aka tura ta cikin kangon da ke jikin gidanmu, aka ja zana aka rufe. Ta yi damina a nan, ta yi rani, har kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin ƙwai.

Da kaka ta sake matsowa sai ƙanen maigidana ya zo da shawara. Shi ma direba ne, amma motar wani yake ja. Ya ce in gingimarin nan za ta tashi, zai bar aikin mutane ya riƙa jan ta, abin da aka samu a rufa wa gidajen biyu asiri. Ya kawo batir, ya zuba mai, aka yi ta fama har injin ya kama. Da maigidana ya ji kukanta daga kan tabarmarsa, sai da ya yi yunƙurin miƙewa. To amma da ƙanen ya taka birki, sai ƙafarsa ta nutse har ƙasa kamar ya taka soso.

Ya ɗauko bakanike, wani mutum mai hankali, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya kwance tayoyin baya ya tarar robobin birki sun bushe sun tsage saboda zama, ya canza su. Ya bi taya huɗun nan yana fitar da iska daga cikin man birki, abin da suke kira bilidin. Ya gama aka taka, birki na nan jiya i yau. Ya sake bi, haka. Ya share gumi ya ce shi dai ya yi iyakar saninsa, irin wannan birkin na da ne, mai haɗe da iska da mai, masu gyaransa sun ƙare, kayansa ma ko a Kano sai an tona.

Duk wannan abin maigidana na zaune a kujera a bakin kangon, yana ta ɗaga hannun hagu yana cewa, "...kunya, ...kunya." Ƙanensa ya durƙusa gabansa yana ba shi haƙuri, yana cewa ai ba abin kunya ba ne Yaya, ƙarfe ne, kowane ƙarfe da ranarsa. Shi kuwa sai ƙara maimaitawa yake yi, har hawaye suka zubo masa. Ni da nake taƙama na iya yarensa, ni ma abin da na ji ke nan. Na koma ɗaki na sha kukana, ina cewa bawan Allah kunyar duniya ta ishe shi.

A ranar ƙanen ya yanke shawara. Ya ce ba zai ɗora buhunan mutane da rayukan 'yan lodi a kan motar da ba ta tsayawa ba, kuma gaskiyarsa ce. Ya ce gara a kira masu yankan ƙarfe su saye ta, a saya mini injin markaɗe in riƙa juyawa. Yana da tafiya kudu da motar ubangidansa, in ya dawo zai zo da su. Daga wannan rana maigidana ya daina cin abinci sai na yi da gaske. Ya juya fuska bango.

Bayan kwana biyu ina wanke-wanke a tsakar gida, yana zaune a inuwa, sai na ji yana buga sandarsa a ƙasa. Na waiwaya. Ya miƙa sandar ya ƙwanƙwasa tukunyar tuwon da ke gabana, sannan ya nuna katangar da motar take bayanta. Ya sake ƙwanƙwasa tukunyar, ya sake nuna katanga. Ni kuwa da hikimata sai na tashi zan ɗora masa girki. Ya yi wani tsaki wanda rabon da in ji irinsa tun yana lafiya. A nan ne abin ya faɗo mini.

Na ce, "Maigida, tukunya kake cewa? Akwai tukunya a jikin motar?"

Ya rufe ido ya sauke ajiyar zuciya, kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka.

Yinin ranar a kan bayanin muka ƙare. Yana faɗa a gutsure, ina haɗawa ina mai da masa, in na yi daidai ya gyaɗa kai, in na kauce ya buga sanda. Abin da na fahimta shi ne birkin motar nan hannu biyu gare shi. Ƙafar direba tana tura mai, iskar da injin ke tarawa a tanki kuma tana ƙara wa man ƙarfi ya kai tayoyi. In iskar tanki ce ta gaza, za ka ji birkin ya yi tauri kamar dutse amma mota ba ta tsayawa. In kuwa iska ce ta shiga cikin mai, sai ya yi laushi ya nutse, irin yadda namu ya yi. Inda man da iskar suke haɗa ƙarfi kuwa wata tukunyar ƙarfe ce da ke maƙale a jikin ƙashin motar, can ƙarƙashin bodi. Tana da nata ɗan notin fitar da iska a samanta, laka ta binne shi. In ba a fara da shi ba, ko shekara za a yi ana bin tayoyi aikin banza ne.

Na aika wa bakaniken. Aka ce ya bi wata mota da ta lalace a hanyar Kano. Na sake aikawa, aka ce gobe. Goben nan ta ƙi zuwa, ga ƙanen maigidana yana hanyar dawowa. Da na gaya wa maigidana, sai ya dube ni ya daɗe, sannan ya faɗi kalma ɗaya da ta fito tas, ba gutsure: "Ke."

Na yi dariya na ce ni da ko keken ɗinki in ya cije sai na kira maƙwabciya. Bai yi dariya ba. Ku tuna kuma wane lokaci ne. Zamanin ne da ko babur mace za ta hau sai ta yi ta waige-waige, kowa ya zama mai wa'azi a bakin layi. Matar aure, 'yar malami, a kwance ƙarƙashin gingimari, wannan labari ne da zai riga ni isa kowane gidan suna a Daura. Amma na dubi mutumin nan da ya rame, ya ƙura mini ido yana jira, na ce to Allah ya kai mu safiya.

Da hantsi, bayan yara sun tafi makaranta, na zura wani tsohon wandonsa a ƙarƙashin zanena, na ɗaure hijabi a ƙugu, na ja zanar kangon na tokare ta da itace. Aiki na farko, kuma wanda ya fi ba ni tsoro, shi ne hawar da shi motar. Na kifa turmi, na jingina benci a kan durom, na sa kafaɗata a ƙarƙashin hammatarsa. Yana ja da hannun hagu ina turawa, muna hutawa a kowane mataki. Sau ɗaya ya yi baya kamar zai rufto mini, na ce shi ke nan yau na kashe mijina da hannuna. Allah ya kiyaye. Da ya zauna a kujerarsa ya ɗora hannu a kan sitiyari, sai ya shiga shafa shi da tafinsa. Na ba shi wuri, na sauka na yi ta neman duwatsun da zan yi wa tayoyi waigi, har sai da na ji ya yi gyaran murya.

Bai yarda mu fara da zargin tukunya kai tsaye ba. Ya ce sai mun wanke iskar tanki daga laifi tukuna. Ya murɗa makulli da hannun hagu, injin ya kama, ya zuba wa agogon iska ido har allurar ta hau inda yake so, sannan ya kashe. Ya sa yatsa a baki, wai in yi shiru in saurara. Can na ji wani siririn huci kamar na maciji. Ya sa na kaɗa ruwan sabulu a kwano, na shiga ƙarƙashi ina shafa wa duk mahaɗar bututu. A jikin tanki sai ga kumfa tana tasowa tana fashewa. Na sa sifana na ɗaure wurin, hucin ya ɗauke. Wallahi daɗin da na ji a lokacin kamar na ci jarrabawa.

Daɗin bai daɗe ba. Ya ce in buɗe ɗan famfon da ke gindin tankin, a zubar da ruwan da ya taru, a kuma saki iskar duka, don ba a yin bilidin ɗin tukunya da iska a tanki. Abin da bai gaya mini ba, ko ya gaya mini ban gane ba, shi ne in kauce. Na buɗe ina kwance daidai ƙarƙashinsa. Wani baƙin ruwa mai warin tsatsa ya feso mini tun daga goshi har ƙirji. Na fito ina tofar da yawu, na ɗaga kai, sai na ga kafaɗar maigidana tana rawa. Dariya yake yi, da rabin bakinsa mai motsi. Tun da ya faɗi ban ga haƙoransa ba sai ranar.

Tukunyar na same ta inda ya ce. Na kankare laka da tsohuwar wuƙa, ga ɗan notin nan ya fito, mai rami a tsakiya. Na zura masa robar ƙarin ruwa da ta rage mana tun zaman asibiti, ɗaya bakin na tsoma shi a kwalba mai ɗan man birki. Da yake muryarsa ba ta isowa ƙarƙashin mota, sai muka yi yarjejeniya. Zai yi ta taka birki da ƙafar hagu, in ya danne ya riƙe sai ya buga ƙofa da sanda. Ni kuma in kwance notin kaɗan, mai ya fita, in ɗaure, sannan in buga sifana a ƙarfe, alamar ya saki. Ya yi ta mitar wai ƙafar hagu ta kuloci ce, ba ta san birki ba. Na ce yau za ta sani.

Buɗewar farko ba mai ne ya fito ba, kumfa ce zalla, tana tafe cikin robar kamar an kaɗa nono. Na yi kabbara a hankali. Muka ci gaba, ya buga in buɗe, in buga ya saki. Kumfar ta fara raguwa. Ina cikin jin kaina, har na fara tunanin yadda zan ba da labari, sai robar ta yi wani kurɓe ta koma kumfa fiye da ta farko. Ashe ɗan gwangwanin da ake zuba man birki a sama ya ƙafe, na manta ban ƙara ba, mun zuƙo sabuwar iska da hannunmu. Duk wahalar ta koma farko. Na kwanta a wurin ina kallon ƙashin mota, hawaye na gangarowa cikin kunnena. Aikin na mutum uku ne, mu kuwa ko biyu ba mu cika ba.

Ina nan kwance sai na ji an taɓa zana, an yi sallama. Daga inda nake ƙafafu kawai nake gani, amma takalman nan ko a mafarki na san su. Mahaifina ne. Malami ne mai karantarwa a zaure, mutum ne da ko dariya da ƙarfi ba a yi a gabansa. Yakan zo duba surukinsa lokaci-lokaci, ya shiga gida bai ga kowa ba, ya biyo ƙarar ƙarfe. Na yi lamo kamar in na daina numfashi ba zai ga ƙafafuna da suka leƙo waje ba.

Ya ce, "Uwata, me ya ɓace miki a nan?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Ban iya fitowa ba. Daga ƙarƙashin na yi masa bayani, na faɗi zancen masu yankan ƙarfe, da tukunya, da gwangwanin da ya ƙafe. Na ga takalman sun juya wajen ƙofar direba sun tsaya. Daga baya ya gaya mini abin da ya gani: mutumin da ya saba tararwa a kwance fuska a bango, ga shi zaune a sama, gumi na tsiyaya, ido a buɗe tar. Ya tambaye shi ko da izininsa na shiga wurin. Maigidana ya buga ƙofa da sanda da ƙarfi har sai da na firgita.

Sai na ji Malam ya ce, "To, ni me zan riƙe?"

Ya koma ya gyara tokarin zanar da kansa, ya naɗe hannun babbar rigarsa a kafaɗa, ya hau turmi ya karɓi galan ɗin mai. Aikinsa kada gwangwani ya sauka ƙasa da rabi. Ya riƙe aikin nan kamar yana tsaron karatun ɗalibi, da ya ɗan sauka sai ya ƙara, yana yi yana salati. Muka gama da tukunya har man ya fito garau ba ɗigon kumfa. Muka koma tayar baya mafi nisa, muka biyo su ɗaya bayan ɗaya har gaba. Gwiwar hannuna ta saluɓe, man ya cinye lallen da ke yatsuna, zanen kuwa daga ranar ya zama tsumma. Mun tsaya mun yi azahar, Malam ya miƙa wa surukinsa dutsen taimama har cikin mota don kada a sha wahalar sauko da shi, sannan muka ƙarasa.

Da na ɗaure noti na ƙarshe na fito, na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ƙafarsa. Ya taka. Ƙafar ta tafi kaɗan ta tsaya cak. Ya danne ya riƙe, ya daɗe, wai ya ga ko za ta zame a hankali. Ba ta motsa ba. Ya tashi injin, iska ta taru, ya sake takawa ya saki, motar ta yi wannan hucin nata mai ƙarfi. Ya dubi Malam, ya dube ni, ya ɗora goshinsa a kan sitiyari. Malam ya sauko daga turmi ya ce shi zai wuce, ɗalibai na jira. A bakin zana ya juyo ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Uwata. Je ki wanke fuskarki kafin yara su dawo su gudu."

Da ƙanen maigidana ya dawo, da masu yankan ƙarfen ya zo, har da tulun gas ɗinsu a bayan a-kori-kura. Yayansa ya nuna masa motar da sanda, wai ya hau. Ya hau don kada ya saɓa masa, ya taka birki, sai na ga ya sake takawa, ya leƙo ta taga. Ya ce, "Matar Yaya, wane bakanike kuka samo?" Da ma akwai wasa tsakaninmu. Na ce wani ne daga nesa, ba ya son a faɗi sunansa. Yayan ya ɗaga sanda ya nuna ni. Ya ɗauka ba'a ce, har sai da na nuna masa gwiwar hannuna.

Bai yarda da taka birki a tsaye kawai ba, kuma na yaba masa. Ya sa aka ɗora yayansa a gefe, aka ɗaure ƙofa da igiyarta, suka fita hanyar Mai'adua ba kaya, suna tafiya suna tsayawa. Ni ina soro ina jiyo hucin birkin yana nisa. Da suka dawo, masu yankan ƙarfe suka sha ruwa suka kama gabansu. A kakar nan motar ta yi lodi har sai da aka gaji. In tafiyar kusa ce, da maigidana ake zuwa, yana zaune a gefe yana yi wa ƙanensa faɗan tuƙi da sanda. Haka ya yi sauran shekarun da Allah ya ara masa. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Malam.

Ban zama bakanika ba, kada ku ɗauka. Har yau in keken ɗinki ya cije maƙwabciya nake kira. Amma in ana lissafin abin da mutum ya yi a duniya wanda yake jin daɗin tunawa, ni wannan yinin nake fara kawowa. Abin da yinin ya koya mini shi ne mai ciwo ba abinci da magani kaɗai yake buƙata ba. Mun yi shekara muna tausaya wa mutumin nan, muna gyaɗa masa kai, ba wanda ya tsaya ya ji me yake faɗa, alhali duk cikinmu shi kaɗai ya san inda matsalar take. Da aka saurare shi aka ba shi aikin da ƙafarsa ɗaya za ta iya, sai ga shi ya dawo mutum.

Labarin kuwa bai ɓoyu ba, Daura ce. An yi ta yi da ni a gidajen biki, wasu na dariya, wasu na taɓe baki. Har wani ya je zauren Malam, bayan an tashi karatu, ya tambaye shi a fakaice ko ya dace matar aure ta shiga ƙarƙashin mota tana aikin maza. Waɗanda ke wurin suka ce Malam bai ko ɗago daga littafinsa ba. Ya ce shi ba zai iya yanke hukunci a wannan magana ba, don ba a yin alƙali da wanda yake cikin shari'a, shi ne ya riƙe mata galan.